Fansar Hular Abdulhamid

Assalamu alaikum 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Ku gyara zama, yau labarin hula na kawo muku. Sunana Batulu, ni ce malamar aji uku a wata firamare a nan Talata Mafara. Kamar yadda nake yi wa ɗalibaina, daga farko zan ɗauko muku, don kada wani ya ɗaga hannu a tsakiya ya ce bai gane ba.

Abdulhamid mutumin Dakko ne, can wajen Bakura. Shinkafa yake nomawa a filayen ban-ruwa na Bakolori, rani da damina. A ƙofar makarantarmu na fara ganinsa, ya kawo 'yar yayarsa a babur. Ba fuskarsa ce ta ja hankalina ba, don ban ma gan ta ba. Hular kwano ce a kansa, baƙa wuluk, cikin zafin nan na Mafara da ko ɗankwali nauyi yake yi wa mutum. Duk garin nan ban san mai babur ɗin da ke sa ta ba sai shi. Ya tsaya, ya sa hannu biyu ya cire ta a hankali, sai ga wata hular a ƙarƙashi, kube ruwan toka, zaune daram.

Na ce a raina, wannan bawan Allah ko dai tsoron mutuwa ya yi masa yawa, ko kuwa sanƙo gare shi har ƙeya.

A kan sanƙo na tsaya. Da ya fara zuwa zance gidanmu kuwa sai na ƙara tabbatarwa. Ko gumi na tsiyaya masa ta bayan kunne, kuben nan ba ta motsi. In magariba ta riske shi a zaurenmu aka kai masa buta, sai ya juya baya, ya zura jiƙaƙƙen hannu ta ƙarƙashin hular ya yi shafa, ya fito da shi. Har a waya nakan tsokane shi.

"Malama, an tashi lahiya? Yau ruwa ya iso layinmu, ina gona."

"Allah ya ba da sa'a. Ka cire hular nan ka sha iska mana."

"In na cire, wa zai gane ni?"

Sai in yi dariya in ajiye wayar. Gaskiya na riga na lallashi zuciyata. Nakan kalli Babanmu, Malam Barau, wanda tsakiyar kansa ta daɗe da yin fili, in ce ai ga Umma nan tana zaune da shi lafiya lau, ba abin da ya ci ta.

Yanzu bari in gabatar muku da Marka, don ita ce uwar tafiyar. Kakata ce, mahaifiyar Baba. Mutuniyar Maradun ce, tana amarya ruwan dam ya cinye gonakinsu da tsohon gidansu, kuma har yau in ta ga buhun shinkafar Bakolori sai ta ce a kan ɗakinta aka noma shi. Ungozoma ce, rabin samarin unguwarmu ita ta yanke musu cibiya. Baki gare ta kamar reza, zuciya kuwa kamar man shanu. Kun dai san wasan kaka da saurayin jikarta: mijinta ne, in ya shigo gaisuwa tana iya fizge masa hula, kuma ba zai sake ganin ta ba sai ya fanshe ta da goro ko sabulu. Duk mazan yayyena sai da suka biya. Ni kuwa ko kaɗan ban tuna in gargaɗi Abdulhamid ba. In ma na tuna, wataƙila da na yi shiru, don ina son ganin sanƙon nan da idona.

Ranar da ya zo gaida iyaye, na sa atamfata mai ganyen kuka, na ɗaura ɗankwali har sau ba adadi, sannan na maƙale a bayan labulen ɗakin Umma ina leƙe. Ya shigo cikin shadda ruwan ƙasa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa a ƙofar Marka.

"Inna, an wuni lahiya? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lahiya lau, mijina. Ya mutanen Dakko? Ya ruwa? Matso nan in gan ka, idona ya yi nisa."

Idonta bai yi nisa ba, zare take zurawa a allura ba tabarau. Yana matsowa ta kai hannu, caraf, hula ta koma bayanta.

Ta buɗe baki za ta yi guɗa, guɗar ta maƙale.

Jama'a, ba sanƙo ba ne. Gashinsa baƙi ne cunkus. Amma a gefen hagu, sama da kunne, kan ya lotsa ciki kamar gefen kwanon da aka taka, faɗinsa ya kai tafin hannu. Wani dogon tabo ya zagaye wurin. Fatar kuma tana motsi a hankali, tana ɗagawa tana sauka, kamar ƙirjin ɗan tsako. Na riƙe labule.

"Innalillahi!" in ji Marka. "Umma! Barau! Ku zo ku gani, yaron ga maɗigarshi ba ta rufe ba!"

Maɗiga, ga waɗanda ba su yi raino ba, ita ce wurin nan mai laushi a kan jariri da ke bugawa kafin ƙashi ya haɗe.

"Kai, wace ungozoma ta karɓe ka? Ƙato da gemu, anka bar ka hakanan?"

Abdulhamid ya rufe wurin da tafinsa, kunya kamar ta kashe shi, amma sai da ya yi murmushi. Baba ya fito daga turaka, Umma ta fito da ludayi a hannu. Nan a durƙushe ya ba su labari. Shekarar da ta gabata kafin mu haɗu, ya ɗauko injin ban-ruwa a bayan babur, yana bin hanyar bakin kanal, babbar magudanar ruwan gonaki, taya ta zame a laka, kansa ya bugu da gefen siminti. Jini ya taru a ciki, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A asibiti a Sakkwato likitoci suka yanke wani yanki na ƙoƙon kan suka cire, don ƙwaƙwalwar ta samu wurin numfasawa, in ba haka ba da ya tafi. Suka ce in kumburi ya sauka ya koma a mayar masa.

"To ina ƙashin?" in ji Baba.

"Yana nan, Baba." Ya dafa gefen cikinsa.

Marka ta dafe ƙirji. "Haɗiye shi kay yi?"

"A'a Inna. Fatar ciki sunka tsaga sunka ajiye shi ƙarƙashi, don kada shi lalace. Jikina ke riƙon shi."

"Mun shiga uku. Kai a ciki, ciki a kai."

Umma ta juya baya, kafaɗunta na rawa, na san dariya take ɓoyewa. Baba dai bai yi dariya ba. Ya yi masa addu'a, ya raka shi zaure. Hular kuwa tana ƙarƙashin cinyar Marka. Da hular kwano kaɗai Abdulhamid ya koma Dakko.

Bayan la'asar Baba ya kira ni. Ba mai faɗa ba ne, shi ya sa maganarsa ke da nauyi.

"Batulu, yaron ga na da hankali, ban ga aibunshi ba. Amma ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da ƙwallon yara ka iya kashewa. In reshe ya faɗo mishi a gona fa? An ce shi koma, bai koma ba. Wanda bai kula da kanshi ba, ƙaƙa za shi kula da ke?"

Umma ta ƙara da nata: "Kuma Inna ta ce irin wannan gado ake yi. Ki haifo mana jikoki da kai a buɗe?"

Na ce to. Na shiga ɗaki na ɗauki hular da Marka ta bari a kan gado na juya cikinta. An yi mata shafi da auduga mai kauri, an ɗinke ta da hannu, ɗinki ƙanana a jere. Daga baya na ji mahaifiyarsa ce ta yi. Wannan ɗinkin ne ya sa ni kuka, ba maganar Baba ba.

Na rubuta wa Abdulhamid a waya: "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar.

"Kullum sai in ce gobe."

"Ni na ɗauka sanƙo ne."

"Da sanƙo ne da na gode Allah."

"Me ya hana ka komawa asibiti?"

"Da farko girbi. Sannan shuka."

"Abdulhamid, ni malamar aji uku ce. Na san uzurin ƙarya tun daga ƙofa."

Sai ya kira. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce wancan karon da ya farka, mahaifiyarsa na zaune a gefensa tana kuka, shi kuwa yana kallon ta yana tunanin wace baiwar Allah ce wannan. Sai da aka ɗauki lokaci kafin sunaye su dawo masa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Malama, ciwon kai ina jurewa. Jirin da nika ji in na miƙe tsaye, ina jurewa. Abin da nika tsoro, su sake kwantar da ni in farka ban san ki ba."

Ku gaya mini, me mutum zai ce? Na ce masa in ya manta zan sake koya masa, aikina ke nan. Ya yi dariya, amma bai ce zai je ba.

Ranar kasuwar Talata ya zo fansar hula. Ya kawo goro, ya kawo sabulu, har da turaren wuta. Marka ko kallon ledar ba ta yi ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye wata 'yar ƙwarya a gabanta, cike da ƙullin saiwoyi da ta kwaɓa da man shanu. Tun safe take daka.

"Kwanta nan, mijina. Da wanga na rufe maɗigar Barau da kaka gani. In na shafa maka na ɗaure da ƙyalle tamau, kafin watan ga shi mutu ta haɗe."

Ya ja da baya. "Inna, ki yi haƙuri. Likita ya ce kada a danna wurin, kada a sa mishi komai."

"Wane likita? Shekarunshi nawa? Jarirai nawa ya karɓa?"

"Babban likitan kai ne, Inna."

"Ni kuma babbar mi ce? To kai ni wurinshi. In ji da bakinshi abin da ya sani game da maɗiga wanda ban sani ba. In ba ka kai ni ba, hular ga ta zama murfin tuluna."

Ya kalle ni, na kalli sama. Babu saurayin da zai ce wa kakar budurwarsa a'a a tsakar gidansu. Baba ya ce ba zai bar tsohuwa ta yi doguwar tafiya ita kaɗai ba, Umma ta ce in bi su in riƙe mata jaka. Haka muka cika mota muka nufi Sakkwato: mai ciwo a gaba da hular kwano, Marka a baya rungume da ƙwaryarta a cikin leda.

A asibiti aka fara shigar da shi wata na'ura mai kama da bakin rijiya, ta ɗauki hoton kansa yanki-yanki. Aka ɗauki na cikinsa ma, aka ɗebi jini. Sannan aka kira mu ofis. Likitan mutum ne mai furfura a gemu, da ya ga Abdulhamid ya ce, "A'a, ɗan gudun hijira ya dawo! Wa ya kamo mana kai?"

"Ni ce," in ji Marka. Ta dire ƙwarya a kan teburinsa.

Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Ya ma shinshina ƙullin. Sannan ya juyo mana da allon kwamfuta. Ga ƙoƙon kan Abdulhamid fari fat yana juyawa, da wani baƙin rami a gefe.

"Inna, kin yi gaskiya, akwai jariran da ake haifa da giɓi a ƙashin kai, wani ya rufe da kansa, wani sai an taimaka. Akwai wanda ciwon ƙari ke cinye wa ƙashi, akwai wanda ƙwayar cuta ke ɓata wa. Amma dubi bakin wannan ramin. Kin ga yadda ya tafi santal? Hannuna ne ya yanke shi. Maɗiga tana a tsakiyar kai, kuma ƙashin jariri girma yake yi ya haɗe. Na babba in ya kai wannan faɗin ba ya haɗewa, ko me aka shafa. In kuma aka ɗaure tamau, ƙwaƙwalwa aka danna."

Marka ta matsa da fuskarta dab da allon. Ta daɗe tana kallo.

"Wagga ba maɗiga ba ce," ta ce a hankali. "Ƙofa ce kunka buɗe kunka manta ba ku rufe ba."

"Ba mu manta ba, Inna. Mai ɗakin ne ya gudu da ƙyauren."

Baba ya yi gyaran murya. "Likita, gado ake yi?"

"Malam, in mutum ya karye a ƙafa, da karaya ake haifar ɗansa?"

Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

Likitan ya ci gaba. Ya ce ciwon kai da jirin nan, rashin murfin ne ke jawo su, domin iskar waje na danna fatar a kan ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa in aka rufe sukan yi sauƙi. Ya ce ƙashin da ke ciki ya daɗe fiye da yadda suka so, jiki ya fara cinye gefensa. Za su ciro shi su gani. In ya isa, su mayar da shi su ɗaure da ƙananan faranti da kusoshi. Inda ya gaza su cike da simintin ƙashi, in kuma ya lalace gaba ɗaya akwai ragar ƙarfe mara tsatsa da ake sawa.

"Siminti?" in ji Marka. "Irin na dam? Ya cinye mini gida, yanzu kuma kan mijina?"

Har ma'aikaciyar jinyar da ke bakin ƙofa sai da ta yi dariya. Likita ya ce nasu daban ne, na asibiti ne. Bai ɓoye mana komai ba: ya ce kowane aiki na da haɗari, jini na iya taruwa, ƙwayar cuta na iya shiga, shi ya sa za su riƙe shi su sa ido. Amma wannan karon ba ƙwaƙwalwar za su taɓa ba, rufi za su yi mata. Mantuwar da ya yi a baya, buguwar ce ta jawo ta.

Abdulhamid ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Sai Marka ta zaro kuben daga cikin zanenta, ta ɗaga ta.

"Ka ga wagga? Ba ni son goronka, ba ni son sabulunka. Fansarta guda ce: ka kwanta a rufe maka kai. Ni na binne miji guda, ba ni binne na biyu."

Ya ɗago ya kalle ta, ya kalli Baba, sannan ya kalle ni. Gaban Baba ne. Na dai gyaɗa kai kaɗan.

"Likita," ya ce, "a sa rana."

Ranar aikin muka koma, muka tarar da mahaifiyarsa da ƙannensa a barandar asibiti. Da safe aka tura shi a gado. Ni da na yi alkawarin sake koya masa sunana, sai ga ni ina ta kai da kawo a baranda. Marka na jan carbi da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da hular. Baba ya je masallaci ya dawo, ya sake komawa. Sai bayan azahar likita ya fito yana cire abin rufe baki, ya ce ƙashin ya zauna, gefe guda kawai suka cike da siminti. Mahaifiyarsa ta faɗi ta yi sujada a kan simintin barandar.

Da la'asar aka bar mu muka shiga. An naɗe kansa da farin bandeji, wani siririn bututu na fitowa ta ƙarƙashi yana zubar da ruwan ciwo a 'yar roba. Idonsa a rufe. Mahaifiyarsa ta kira shi, ya buɗe a hankali. Ya kalle ta. Ya kalli Baba. Idon ya iso kaina ya tsaya, ba murmushi, ba komai. Na fara shirya yadda zan ce, sunana Batulu.

Leɓensa ya motsa. Muka matsa.

"Malama Batulu," ya ce da wata murya kamar ta mai mura, "ki ce wa tsohuwar ga ta ba ni hulata. Na biya."

Marka ta rangaɗa guɗar da ta maƙale mata tun ranar gaisuwa, har ma'aikaciyar jinya ta rugo tana cewa nan asibiti ne. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, don kuka da dariya sun haɗe mini a gaban surukai.

"Ka biya," in ji Marka, "amma ina za ka sa ta, bisa wanga rawanin? Tana wurina. Ranar da kaz zo ɗaukar yarinyar ga, ni da hannuna zan sa maka."

Duk muka juya ga Baba. Ya tsaya yana kallon bandejin, zagaye sumul, babu lotsawa ko ta ina. Ya gyara hularsa a kan nasa filin, ya juya ga mahaifiyar Abdulhamid.

"Hajiya, in an sallame ku ya ji ƙarfi, ki ce wa magabatanshi ina gida."

Muna cikin mota a hanyar Mafara, Marka na gyangyaɗi da kube a cinya, wayata ta yi ƙara. Ƙanin Abdulhamid ne ya rubuto mini a madadinsa, don an hana shi riƙe waya.

"Ya ce a tambaye ki: an aske mishi kai tas saboda aiki. Wai har yanzu kina son mai sanƙon?"